Rancen Gida: Yadda Magidanci Zai Gaggauta Biya Ba Tare da Ƙuntata wa Iyali Ba

Mallakar gidan zama tana cikin manyan burin kowane magidanci a Nijeriya, musamman 'yan kasuwa da ma'aikatan da neman abinci ya kai su Abuja da Ikko da Ibadan da Fatakwal, inda mai gidan haya kan nemi kuɗin shekara guda a dunƙule kafin ya miƙa makulli. Wanda ya sami rancen banki ya saya ko ya gina nasa ya huta da wannan fargaba, amma ya ɗauki nauyin da zai iya bin sa shekara 20 ko 30. Tun daga ranar da ya sa hannu a takardun jingina, tambaya ɗaya za ta riƙa dawo masa a ƙarshen kowane wata: shin ya tsuke bakin aljihu ya biya bashin kafin wa'adi, ko kuwa ya bi jadawalin banki sannu a hankali, ya yi amfani da rarar kuɗinsa a wani wurin?

Darasinmu na wannan karo zai duba yadda ake lissafin rancen gida, da ribar da ke cikin gaggauta biya, da lokacin da gaggawar kan zama hasara, sannan da irin tsimin da iyali za su iya ɗauka ba tare da an cutar da su ba. Alƙaluman rance da na kasafin gida da za a gani a nan misalai ne na koyarwa. Mai karatu sai ya ɗauko nasa takardun ya maye gurbinsu da alƙalumansa.

Hanyoyin rancen gida a Nijeriya

Hanya ta farko ita ce Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa da dokar soja mai lamba 3 ta 1992. Bankin Bayar da Rancen Gidaje na Tarayya, wanda aka fi sani da FMBN, shi ne ke kula da asusun. Bankin ya samo asali ne daga wata ƙungiyar gine-gine da aka kafa a 1956, aka mayar da ita banki a 1977. Mai zubi yana saka kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa kowane wata, kuma bayan ya yi zubi na wata shida a jere yana iya neman rance ta hannun ɗaya daga cikin bankunan jingina. Kuɗin ruwan wannan rance kashi 6 cikin ɗari ne a shekara, wa'adin biya kuma yana iya kaiwa shekara 30, gwargwadon shekarun da suka rage wa mutum kafin ya yi ritaya. Wata doka da aka sa wa hannu a 2023 ta mayar da zubin ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu, kuma ɗan kasuwa mai cin gashin kansa ma yana iya shiga.

Hanya ta biyu ita ce rancen bankunan kasuwanci da bankunan jingina daga kuɗinsu na kansu. Ruwan wannan rance yana bin ma'aunin da Babban Bankin Nijeriya ya ajiye. A watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin ya ɗaga ma'aunin zuwa kashi 27.5 cikin ɗari, saboda haka wanda ya ci bashin gida ta wannan hanya a lokacin ya tarar da ruwan da ya ninka na Asusun Gidaje sau uku ko huɗu, wa'adin kuma ya fi gajarta. Sau da yawa yarjejeniyar kan ba banki ikon sauya ruwan idan kasuwar kuɗi ta sauya.

Hanya ta uku ita ce ta bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJBank a 2019, da Lotus a 2021. Su suna sayen gidan su sayar wa mutum da riba sananna, ko su ba shi haya, ko su yi tarayya da shi a mallaka. Akwai kuma ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata da na 'yan kasuwa, waɗanda kan ba da rance na 'yan shekaru kaɗan.

Abu na farko da magidanci zai tabbatar shi ne wace hanya ce tasa a cikin waɗannan, domin shawarar da ta dace da ɗaya tana iya zama kuskure ga ɗaya.

Yadda banki ke raba kuɗin da aka biya

Kowane biyan wata kashi biyu ne: ruwa da uwar kuɗi. Ana lissafin ruwan ne a kan abin da ya rage na bashi, saboda haka a shekarun farko, lokacin da bashin yake da yawa, ruwa ke cinye mafi yawan abin da aka biya.

Alal misali, a ce Malam Wane ya ci bashin Naira miliyan 10 a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari, na tsawon shekara 20. Biyansa na wata zai kama Naira 71,643. A watan farko Naira 50,000 ruwa ne, Naira 21,643 kaɗai ke rage uwar kuɗi. Bayan ya cika shekara guda yana biya, wato ya miƙa wa banki kusan Naira 860,000, zai tarar har yanzu ana bin sa wajen Naira miliyan 9 da dubu 733. In ya bi jadawalin har ƙarshe zai biya jimlar kusan Naira miliyan 17 da dubu 194, wato ruwa kaɗai ya haura Naira miliyan 7.

To, idan ya ƙara Naira 20,000 a kan biyan kowane wata, aka kuma sa ƙarin a kan uwar kuɗi, bashin zai ƙare cikin shekara 13 da wata uku maimakon shekara 20. Ruwan da zai biya zai sauko zuwa kusan Naira miliyan 4 da rabi. Ya tsira ke nan da kimanin Naira miliyan 2 da dubu 700, ya kuma karɓi takardun gidansa kusan shekara bakwai kafin lokaci.

Mu sauya misalin zuwa rancen kasuwanci: Naira miliyan 10 a kan ruwa kashi 24 cikin ɗari, na shekara 10. Biyan wata ya zama Naira 220,481, kuma a watan farko Naira 200,000 cur ruwa ne. Jimlar ruwa a ƙarshen wa'adi za ta kusa Naira miliyan 16 da rabi. Ƙarin Naira 20,000 ɗin nan dai a wata zai sa bashin ya ƙare cikin shekara bakwai da rabi, ya kuma rage ruwan da kimanin Naira miliyan 4 da dubu 800. Ƙari iri ɗaya ne a misalan biyu, amma amfaninsa ya fi yawa inda ruwa ya fi tsada.

Lokacin da aka yi ƙarin ma yana da muhimmanci. A misalin farko, in Malam Wane ya zuba Naira miliyan ɗaya a dunƙule a ƙarshen shekarar farko, ya ci gaba da biyansa na wata yadda ya saba, zai rage ruwa na kusan Naira miliyan ɗaya da dubu 830. In ya jira sai ƙarshen shekara ta 15 ya zuba wannan miliyan ɗin, abin da zai rage kimanin Naira 292,000 ne kawai. Wanda ya yi shekara 15 yana biya ya riga ya biya mafi yawan ruwan, saboda haka matsa wa iyali a wannan mataki ba shi da wata riba ta a zo a gani.

Hauhawar farashi da mai bashi

Akwai wani ɓangare na lissafin da takardun banki ba sa nunawa, wato faɗuwar darajar Naira. Ruwan da banki ya rubuta daban, ainihin nauyin bashi daban. Ana gane ainihin nauyin ne idan aka cire hauhawar farashi daga ruwan da aka rubuta.

Nijeriya ta ga hauhawar farashi mai tsanani fiye da sau ɗaya. A 1995 ta haura kashi 70 cikin ɗari. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin Naira ta nema wa kanta daraja a watan Yuni na shekarar, farashi ya yi ta hawa har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024. An sake ma'aunin lissafin a farkon 2025, kuma a cikin shekarar alƙaluman suka yi ta sauka.

Me wannan ke nufi ga mai rance a kan kashi 6 cikin ɗari wanda ba ya sauyawa? A ce farashi yana hawa da kashi 20 cikin ɗari kowace shekara har shekara biyar. Naira 71,643 da yake biya a shekara ta shida ba za ta sayi abin da ya wuce na Naira 28,800 na farkon rancen ba. Yana biyan bashin tsohuwar Naira da sabuwar Naira wadda ta fi ta rauni. Wanda ya yi gaggawar biya a irin wannan yanayi ya miƙa wa banki Naira mai ƙarfi alhali an ba shi damar biya da mai rauni daga baya.

Sai dai wannan sauƙi yana da sharaɗi: dole kuɗin shigar mutum su riƙa ƙaruwa tare da farashi. Ɗan kasuwa kan ƙara wa hajarsa kuɗi idan sari ya yi tsada, saboda haka cinikinsa na bin farashi, ko da ba daidai wa daida ba. Ma'aikaci kuwa albashinsa kan tsaya cik shekaru. Mafi ƙarancin albashi ya zauna a Naira 30,000 daga 2019 har zuwa watan Yuli na 2024 da aka mayar da shi Naira 70,000. Ga wanda albashinsa bai motsa ba, biyan banki bai ƙaru ba, amma cefane ya cinye abin da ya rage, har biyan ya zame masa nauyi fiye da da. Bugu da ƙari, in hauhawar farashi ta sauko ƙasa sosai, wannan fa'ida takan ragu, gaggauta biya kuma ya ƙara ma'ana.

Jarin ɗan kasuwa

Ga mai shago ko dillali ko mai safarar kaya, kowace Naira da ya kai banki kafin lokaci Naira ce da ya cire daga jari. Biyan bashin da ruwansa kashi 6 ne daidai yake da zuba kuɗi a sana'ar da ke ba da ribar kashi 6 cikin ɗari a shekara, ba tare da haɗarin faɗuwa ba. In Naira miliyan ɗaya a cikin shagonsa tana juyawa sau huɗu a shekara, kowane juyi yana barin ribar kashi 5 cikin ɗari bayan an cire haya da dako da haraji, to ribarta a shekara Naira 200,000 ce. A banki kuwa abin da za ta rage masa a shekarar Naira 60,000 ne. A nan barin kuɗin a jari ya fi.

In kuwa ruwan rancen kashi 24 ne, miliyan ɗin za ta rage masa Naira 240,000 a shekara, ragi tabbatacce, yayin da ribar shago ke iya zuwa ko ta ƙi zuwa. A nan biyan bashi ya fi.

Wajibi ne a yi wannan kwatanci da riba ta gaskiya, wadda aka fitar daga littafin shige da fice, domin 'yan kasuwa da yawa kan ɗauki yawan ciniki a matsayin riba. A kuma tuna cewa kuɗin da suka shiga gini ba sa fitowa da sauƙi. In kaya suka zo da araha a kasuwa, ko gobara ta tashi, banki ba zai mayar wa mutum ƙarin da ya biya ba. Hausawa sun ce da ruwan ciki kan ja na rijiya.

Wanda ba shi da sana'ar da zai juya kuɗi yana iya kwatanta ruwan rancensa da abin da takardun lamunin Gwamnatin Tarayya ke bayarwa. Ofishin Kula da Basussuka ya fara sayar da takardun lamuni na ƙananan masu ajiya a 2017, ana shiga da Naira 5,000. A shekarar ce kuma aka fitar da Sukuk na farko na Naira biliyan 100 domin gina hanyoyi, ga masu guje wa ruwa.

Abin da ba a taɓawa, da abin da ake ragewa

Mu ɗauki gida mai samun Naira 400,000 a wata. Biyan banki Naira 71,643, abinci 150,000, ajiyar kuɗin makaranta 50,000, sufuri 40,000, wuta da ruwa da gas da katin waya 30,000, magani 15,000, taimakon dangi da gudunmawar biki 20,000. Jimla ta kama Naira 376,643, saura 23,357. In maigida ya ɗauki 20,000 ya ƙara wa banki, gidan ya zauna ba ko sisin kwabo na ko-ta-kwana. Rana ɗaya yaro ya kwanta asibiti, sai a tafi wajen masu ba da bashin gaggawa ta wayar salula, waɗanda ruwansu na wata guda kan zarce ruwan rancen gida na shekara. Abin da aka tara a wata shida sai ya zube a mako ɗaya.

Akwai abubuwa huɗu da bai kamata tsimi ya kai gare su ba. Na farko abinci mai gina jiki, musamman ga ƙananan yara da mata masu juna biyu, domin tamowa a shekarun farko na rayuwa tana barin tabon da ba ya gyaruwa daga baya. Na biyu magani da rigakafi. Na uku karatun yara, domin banki zai jira shekara 20, amma shekarun karatun yaro ba sa jira. Na huɗu gyaran gidan kansa: rufin da ke yoyo da aka ƙi gyarawa bana zai ci silin da katako baɗi, gidan da ake wahala a kansa kuma darajarsa ta ragu. Har ila yau akwai haƙƙin iyaye da zakka ga wanda ta wajaba a kansa, waɗanda ba sa cikin abin da ake ciniki a kansu. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa.

Inda ake samun rara shi ne a wajen tsara saye da rage kashe kuɗi na ganin ido. Sayen hatsi da wake da manja da buhu ko jarka a lokacin kaka, gwargwadon abin da gida zai ci kuma zai iya adanawa ba tare da ƙwari sun ɓata ba, yakan fi awon mudu kullum sauƙi. Maƙwabta uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su saro a babbar kasuwa su raba. Anko a kowane biki, da sauya wayar salula duk shekara, da kayan ɗaki na bashi, da ajiye mota biyu inda ɗaya ta isa, da kunna janareta dare da rana, duka wurare ne da kuɗi ke zurarewa. A shekarun farko ana iya jinkirta tayil na waje da fenti mai tsada da ƙawata ƙofar gida. Wanda gidansa ke da shago a gaba ko ɗaki a waje yana iya ba da haya ya sa kuɗin a kan bashi, muddin yarjejeniyarsa da banki ba ta hana ba.

Ba a yin wannan aiki sai da uwargida, domin ita ce ta san inda kuɗin cefane ke tafiya. Maigidan da ya yanke kuɗin cefane bai faɗi dalili ba ya buɗe ƙofar zargi. In ya zauna da ita ya nuna mata takardar banki, suka ƙayyade adadi da wa'adi tare, tsimin zai ɗore. In kuma matar ta sa kuɗin sana'arta ko na adashinta a cikin biyan, to a rubuta ko bashi ne ko kyauta ko hannun jari a gidan, a sa shaidu, domin dukiyarta tata ce, kuma rashin rubutu ya sha haddasa rigima wajen rabon gado.

Batun ruwa da bankunan da ba sa karɓarsa

Magidanta da dama ba lissafin riba ne ke sa su gaggawa ba. Larura ce ta sa suka shiga rance mai ruwa, zuciyarsu kuma ba ta kwanta da shi ba, suna son fita tun da wuri. Wannan dalili ne mai ƙarfi ga mai shi, kuma alƙaluman hauhawar farashi ba za su sauya masa ra'ayi ba. Abin da ya rage gare shi shi ne ya tsara fitar ta yadda ba za ta jefa shi cikin bashin da ya fi na farko muni ba.

Masu hulɗa da bankunan da ba sa karɓar ruwa kuwa sai su duba irin yarjejeniyarsu. A tsarin murabaha banki ya sayar da gidan ne a kan farashi guda da aka yanke tun farko, ribarsa a ciki. Biya kafin lokaci ba lalle ne ya rage wannan farashi ba, sai in bankin ya yi rangwame. A tsarin tarayya mai raguwa kuwa, mutum yana sayen kason banki kaɗan-kaɗan yana biyan haya a kan abin da ya rage, saboda haka duk kason da ya saya da wuri yana rage masa haya. Kafin a kai ƙarin kuɗi, a tambayi banki a rubuce nawa ne ragin da za a samu.

Matakan da za a bi

Na ɗaya, kada biyan wata ya taɓa yin latti. Ƙa'idar da masu ba da rance suka saba bi ita ce kada biyan ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shiga. Wanda nasa ya kai haka, tsare biyan wata kaɗai ya ishe shi aiki.

Na biyu, a fara kashe basussuka masu tsada: bashin wayar salula, da na kayan ɗaki, da rarar cirewa a banki. Ba hikima ba ce a gaggauta bashin kashi 6 alhali ana ɗauke da na kashi 30.

Na uku, a tara kuɗin ko-ta-kwana da za su riƙe gida wata uku, ɗan kasuwa kuma ya nufi wata shida saboda cinikinsa na hawa da sauka. A misalinmu wata uku ya haura Naira miliyan ɗaya da dubu 100. In an rage kashe-kashe da 25,000 aka haɗa da rarar 23,357, za a tara su cikin kimanin shekara biyu. A ajiye su a banki mai lasisi. Hukumar inshorar ajiyar banki, wato NDIC, ta ɗaga kariyarta a 2024 zuwa Naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci, da miliyan 2 a ƙananan bankuna da bankunan jingina.

Na huɗu, a tabbata inshorar gobara da ta rayuwa da ke tare da rancen suna nan daram, ko takaful ga mai son haka. Bashi ake fara biya kafin a raba gado, kuma gidan da ke jingine yana iya kuɓucewa marayu in babu wannan kariya.

Na biyar, a karanta yarjejeniya a ga ko akwai tara a kan biya kafin wa'adi. Sannan a rubuta wa banki takarda cewa a sa ƙarin a kan uwar kuɗi, domin in ba a faɗa ba ana iya ajiye shi a matsayin biyan watanni masu zuwa, ruwa kuma ya ci gaba da hawa. A nemi sabon jadawali bayan kowane babban biya. Banki na iya ba da zaɓi biyu: rage wa'adi ko rage biyan wata. Rage wa'adi ya fi rage ruwa, rage biyan wata kuma ya fi ba gida sararawa.

Na shida, kuɗin da suka zo ba zato, kamar ariyas, ko kwasar adashi, ko ribar cinikin salla, a raba su uku: kashi ɗaya ga buƙatun gida da aka jinkirta, kashi ɗaya ga jari ko ajiya, kashi ɗaya ga bashi. Ta haka iyali za su ga amfanin haƙurinsu tun kafin bashin ya ƙare.

Game da kuɗin fansho, ka'idojin da Hukumar Fansho ta Ƙasa ta fitar a 2022 sun ba ma'aikaci damar amfani da abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari na asusunsa ba domin biyan kason farko na rancen gida. An yi tanadin ne domin shiga rance. Wanda ke gab da ritaya kuwa ya kamata ya yi ƙoƙarin ganin bashin ya ƙare kafin albashi ya tsaya, kada ya wayi gari ya zuba dukkan giratutinsa a banki ya zauna a gida ba abin cefane.

Ranar da aka gama biya

Biyan Naira ta ƙarshe ba shi ne ƙarshen aiki ba. A karɓi takardar shaidar cewa ba a bin mutum komai, da takardar sakin jingina, da ainihin takardar mallakar fili da banki ya riƙe. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 sai da yardar Gwamna ake jinginar da fili mai takardar mallaka, ko ta Ministan Babban Birnin Tarayya a Abuja, kuma ana rubuta jinginar a ofishin rajistar filaye. Saboda haka sai an koma can an soke ta. In ba a yi haka ba, ranar da magada za su sayar ko su nemi rance da gidan za su tarar da sunan banki a kai.

A taƙaice, mai rancen kasuwanci mai ruwa sama da kashi 20 cikin ɗari ya gaggauta biya da zarar ya tanadi kuɗin ko-ta-kwana, ya kuma bincika ko zai iya mayar da bashin zuwa hanya mafi sauƙi. Mai rancen Asusun Gidaje ba ya cikin matsi. Ya tsare biyan wata, ya ciyar da iyali, ya ƙarfafa jari, ya yi ƙari daga rara ta gaskiya, musamman a shekarun farko. Mai hulɗa da bankin da ba ya karɓar ruwa ya fara sanin ragin da zai samu kafin ya kai kuɗi. Kowannensu kuma ya sake duba lissafinsa sau ɗaya a shekara, domin ruwan banki da farashin kasuwa da yawan bakunan da ake ciyarwa a gida duka suna sauyawa.